Tsallaken da Ya Rage

Ku da kuka shigo zaure ranar nan kuka tarar da ubanku kwance rub da ciki a ƙasa, wani baƙon tsoho mai sanda yana tsallake shi da baya da baya, na san abin da kuka ɗauka. Hajara ta saki kwanon fura, Musa kuwa har ya fara naɗe hannun riga. Na ce zan yi muku bayani, sai baƙi suka yi yawa, sai azumi ya zo, na yi ta ɗagawa. To yau ga ni na zauna. Rubutun nawa na ɗan aji huɗu ne da kwana takwas, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Ina kuma so takardar nan ta kashe maganar da ake yi a Kusada tun kafin a haife ku, wai an koro ni daga makaranta don kaina ba ya ja. Ba a koro ni ba. Da ƙafata na fito, ina riƙe da igiyar jaki.

'Ya'ya huɗu Innata ta haifa kafin ni, babu wanda ya kai yaye. Shi ya sa da na zo aka sa mini Abarshi, ana roƙon Allah ya bar wannan. Ana yaye ni Iya, uwar babana, ta ɗauke ni ta kai ɗakinta, ba ta kuma mayar da ni ba. Ƙaramar mace ce, baƙa, mai murya kamar ta mutum uku. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, kullum muna faɗan cefane, wai na bar ta da yunwa za ta kai ni gaban alƙali. Amma a bayan wasan nan akwai dokoki, kuma ba a wasa da su. Ba a taɓa ni da tsintsiya. Ba na zama a kan turmi. Babbar cikinsu, ba a tsallake ni. A wurin Iya, yaron da aka tsallake an datse shi ke nan, ba tsawo, ba ƙiba, ba tsawon rai, sai fa in wanda ya tsallake ɗin ya dawo da baya ya mayar. Na taɓa ganin ta ta sa babana, da gemunsa, ya dawo daga bakin ƙofa ya mayar da tsallaken ƙafata da ya yi cikin sauri zai tafi gona. Ya mayar kuwa.

Zamanin Turawa ne, lokacin da mai gari ke bi gida-gida yana neman yaran da za a ba makarantar boko. Elementare ta Kusada Iya ta haƙura, tunda a ɗakinta nake kwana. Amma da na gama aji huɗu aka ce ina cikin waɗanda suka ci jarrabawa, za a tura mu makarantar kwana da En'e, wato hukumar gargajiya, ta gina a gefen Kankiya, sai da babana ya yi mako yana lallashi. Ni kuwa, kada in ɓoye muku, zuciyata tana can tun kafin ƙafata ta je. An ce akwai wani ƙwallo a ofishin babban malami wanda aka zana duniya duka a jikinsa. Shi nake so in gani.

Mun taru mun kai sittin, sababbi. 'Yan Yashe gefe guda, 'yan Tafashiya gefe guda, mu 'yan Kusada muna maƙale da juna kamar 'yan tsaki, 'yan cikin gari kuwa suna tsaye suna nuna kaushin ƙafarmu. Sai ga malamin da aka ba mu, Malam Isiyaku, saurayi ne bai daɗe da dawowa daga makarantar horon malamai ba. Abin da ya fara kashe mana jiki shi ne shigarsa. Babban mutum, malami guda, da gajeren wando, gwiwoyi a waje, ga safa har ƙwauri, ga usur rataye a wuya. Ni dai sunkuyar da kai na yi don kunyarsa ta kama ni.

"Makon nan babu allo, babu alli," in ji shi. "Sai kun san juna tukuna. Wanda bai san sunan na kusa da shi ba, ba zai san na birnin Ingila ba."

Ya raba mu goma sha biyu-goma sha biyu, ya tabbatar babu 'yan gari ɗaya biyu a ƙungiya guda. Kowace ƙungiya akushi ɗaya, tulu ɗaya, ɗaki ɗaya. Rana ta farko aka ɗaure ƙafar kowa da ta wani aka ce mu yi tsere. Ɗan magatakardan alƙali da ɗan mahauci igiya ɗaya, suka faɗi tare, suka tashi suna zagin juna. Rana ta biyu jan igiya. Ta uku aka rufe wa mutum ido da ƙyalle, ɗan'uwansa yana ja masa gora da baki. Duk mun yi, don usur na kanmu, amma da an zauna gaban akushi sai ka ji tsit, kowa ya haƙa raminsa a tuwo yana tsaron iyaka. Shugaban ƙungiyarmu Haruna ne, ɗan cikin gari mai bakin tsiya, shi ya sa mini Guntu. Akwai kuma wani dogo daga Fakuwa, Lawal, wanda yaran mai gari suka kawo da ƙarfi. Tun da ya zo ban ji muryarsa ba sai a salla.

Rana ta huɗu da hantsi Malam Isiyaku ya ce yau tsallen kwaɗo za a yi. Mutum ɗaya zai duƙa ya dafa gwiwa, sauran su zo a guje ɗaya bayan ɗaya, su dafa bayansa su tsallake. Ya ce wannan shi ke koya wa mutum yarda da ɗan'uwansa. Ya duba layinmu ya nuna ni, don na fi kowa gajarta, ya ce Lawal ya fara tunda shi ne mai dogayen ƙafafu.

"Malam, ni ba a tsallake ni."

"Wa ya ce?"

"Iya."

Fili ya ɗauki dariya. Haruna har da riƙe ciki, yana cewa a kawo wa Guntu zanen goyo. Dariyar nan ce ta duƙar da ni, ba usur ba. Na dafa gwiwa, na rufe ido. Na ji tafin Lawal a bayana, iska ta wuce ta kaina. Na biyu. Na uku. Ina jira in ji wani abu ya tsinke a cikina. Na goma sha ɗaya yana sauka ke nan sai na ji muryar da ko a kabari zan gane ta.

"La'ilaha illallahu! Ku tsaya! Ku tsaya na ce, 'yan banza! Mutum ne fa, ba kwata ba!"

Ashe kwana huɗu ya isa haƙurin Iya. Ta bi 'yan kasuwa tun asuba a kan jakin babana, da ƙwarya cike da dakuwa za ta kawo wa maigidanta. Ƙwaryar tana ƙasa, dakuwa ta watse cikin rairayi, ita kuwa ta ratsa tsakiyar fili, mayafi na jan ƙasa. Ta ɗago ni tana shafa kaina, tana shafa bayana kamar mai neman wurin da aka sara.

"Wane ne babba a nan?"

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa," in ji Malam Isiyaku.

Ta dube shi daga sama, ta tsaya a gwiwa. "Kai? Ina sauran wandon naka?"

Babu wanda ya yi dariya, tsoro bai bari ba.

"Iya, wasa ne. Don su saba da juna."

"Su saba da juna a bisa ƙashin bayan jikana? Mi ya yi maku? Maza su dawo su mayar. Da baya da baya, na ƙarshe shi ne na farko."

"Wannan camfi ne, Iya. A ko'ina ana yin wasan nan, babu abin da ke samun kowa."

"Huɗu na wanke da hannun ga na miƙa wa maza," ta ce. "Kai nawa ka wanke?"

Ina so ku yi wa Malam Isiyaku adalci. Ba mugu ba ne. Yaro ne mai shekara ashirin da 'yan kai, ga yara sittin sun zuba masa ido, ga abin da aka koya masa. Na ga fuskarsa ta canza, na ga ya kusa yarda. Sai ya sa usur a baki ya busa, ya ce kowa ya tafi ɗaki.

Akwai wata tsamiya a bakin ƙofar makarantar. Iya ta ɗaure jaki, ta shimfiɗa mayafi, ta zauna. Da yamma ta tafi gidan wata 'yar Kusada da ke aure a cikin gari, gari na wayewa ta dawo. Ba ta zagi kowa ba, ba ta sake ɗaga murya ba. Ruwa da goro kawai ke shiga bakinta. In mun fito ɗibar ruwa sai mu wuce ta gabanta, ta bi kowa da ido tana motsa leɓe. Ni kuwa kunya kamar in nutse. Na je na ce amarya ki tafi gida, ga ni lafiya lau. Ba ta ce mini maigida ba. Ta ce, "Abarshi, koma ciki." Nan na san abin ya wuce wasa.

Ranar Asabar muna gaban akushi, babu mai sa hannu. Can sai Haruna ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Guntu, da gaske huɗu ne?"

Na ce da gaske ne.

Sannan ya ce, "Wallahi ni ma in uwata ta ji na tsallake mutum na tafi, sai ta fasa mini baki."

Sai ɗan Yashe ya ce su ma haka ne a gidansu. Ɗan mahauci ya ce shi tun ranar bai yi barcin kirki ba. Ashe kowa da Iyarsa a gida, kunyar 'yan'uwa ce ta sa aka yi ta dariya. Nan take aka shirya, bayan la'asar in an fita ɗibar ruwa, a bayan tsamiya.

Wahalar ita ce tuna jeri. Iya ta ce ba ta yarda da hargitse ba, sai yadda aka bi. Wa ya bi wa? Aka kaure da musu. Wai kai mai tabon nan, ai kai ne bayan mai haƙorin gaba. Shi kuma ya ce sunana Sada, ba mai tabo ba. To Sada, wa ke gabanka? Kafin a daidaita layin nan babu wanda bai san sunan kowa ba, har da sunan garinsa da wanda ya taka wa ƙafa. Na kwanta rub da ciki. Iya ta tsinci 'ya'yan tsamiya goma sha ɗaya ta riƙe a tafi, duk wanda ya tsallake da baya sai ta jefar da ɗaya ta ce Allah ya yi maka albarka. Haruna ya yi tuntuɓe ya zauna mini a ƙafa, Iya ta ce sake, ɗan birni, ba zama aka ce ba. Muna dariya, har ita ta ɗan murmusa. Sai aka kai goma, layi ya ƙare.

"Ina dogon?"

Lawal ya gudu tun washegarin tsallaken. Ya fita da tulu bai dawo ba, an sami tulun a bakin rijiya. Iya ta dubi ƙwayar da ta rage a tafinta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ƙulle ta a bakin zane.

Haruna ne ya ce mu je Fakuwa, ba ni ba, amma ban hana ba. Lahadi babu aiki, muka sulale bayan karin kumallo, mu goma sha ɗaya. Ga kuskuren da muka yi, wanda har yau in na tuna sai in kama baki. Kakin makaranta ne a jikinmu, kuma da muka hango garin Haruna ya ce mu jera mu shiga da maci don a san mu ba 'yan iska ba ne. To ku ɗauka ku ne mutanen Fakuwa. Yaronku ya gudo daga hannun hukuma kwana biyu da suka wuce, sai ga masu kaki a jere suna buga ƙafa sun nufo gidanku. Mata suka sa ihu. Wata ta kife tukunya. Na hango ƙeyar Lawal ya haure dangar baya ya faɗa cikin dawa. Uban ya fito ya tare ƙofa.

"Babu wani Lawal a gidan ga."

"Baba, ba kama shi muka zo yi ba," in ji Haruna. "Tsallake zai mayar, shi ke nan."

"Tsallake? Tun daga Kankiya, ku goma sha ɗaya, don tsallake? Ku faɗa wa wanda ya aiko ku ya nemi wata dabara."

Mun rantse, mun roƙa, na kwanta a ƙofar gidan don su gani. Ba su yarda ba. Daga baya muka ji a ranar kawunsa ya wuce da shi arewa, ƙasar da Faransa ke mulka, inda hannun En'e ba ya kaiwa. Mu da ƙafarmu muka kore shi.

Litinin da safe babban malami ya tsayar da mu gaban makaranta duka, bulala a hannu, ya ce wanda ya ja tafiyar ya fito, shi kaɗai za a kora. Haruna ya taka gaba ya ce ni ne. Sada ya ce ƙarya yake, ni ne. Ɗan mahauci ya ce su biyun bin sa suka yi. Kafin ka ce me, mu duka muna gaba muna faɗa a kan laifi. Na dubi Malam Isiyaku. Bakinsa a buɗe, usur ya suɓuce yana lilo a ƙirjinsa. Babban malami ya rasa wanda zai kora, ya yanke mana bulala shida-shida.

Bayan nan aka kira ni ofis. Babana na durƙushe, an aika masa ya zo. Iya na zaune a ƙasa ta ƙi kujera. Ƙwallon duniya kuwa ga shi a kan tebur, shuɗi da kore, ko taku biyu babu tsakanina da shi. Babban malami dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce yaron nan yana da kai, ya ga takardarsa ta lissafi. Laifi ya wuce. Amma tsohuwa ba za ta ci gaba da zama a ƙofar makaranta ba, Bature mai duba makarantu na tafe.

"Iya, hukuma ce," in ji babana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban ƙi hukuma ba. Da an cika sha ɗaya da na tahi tun shekaranjiya. Amma in bar shi nan da saura ɗaya a kansa, in koma in zamna ina sauraren mai aike? Na yi wannan sauraren sau huɗu. Ƙafata ba ta ɗaukata."

Babban malami ya ce shi ba zai raba ba. In yaron ya zauna, zai sa a raka tsohuwa gida ko tana so ko ba ta so. In zai tafi, zai sallame shi ba tare da an tsananta wa uban ba, mai gari ya turo wani. Ya juyo ya ce, "Abarshi, kai fa?"

Ban yarda zan mutu don Lawal bai mayar ba, ko a lokacin. Kwana huɗu da tsallaken, ga ni ina cin tuwo. Amma na dubi Iya. Kwana huɗun nan sun cinye ta, wuyanta ya zama kamar na kaza, yatsunta suna kan ƙullin bakin zane suna murzawa. Na san in aka ɗora ta a jaki ita kaɗai, ba ni ne mai aike zai zo a kaina ba, a kanta zai zo. Na sake duban ƙwallon sau ɗaya.

Na ce, "Zan bi Iya."

Muna kwance jaki sai ga Malam Isiyaku da dogon wando har idon sawu. Ya durƙusa ya gaida Iya, ya ce ta yafe masa, da ya bari an mayar a ranar da duk wannan bai faru ba. Ta ce, "Ashe ka samo sauran wandon. Tashi, Allah ya yafe mana." Ya miƙo mini littafin karatu na Hausa ya ce kada in bar shi ya yi ƙura. Da shi na riƙe ɗan abin da nake rubuta muku da shi yanzu. Su goman suna leƙe ta taga, Haruna yana ihu, "Guntu, ka ajiye mana dakuwa!"

Kada in yi muku ƙarya in ce bai yi mini ciwo ba. Ya yi. Shekarun da Haruna ke zuwa gaishe ni a mota, shekarun da nake kai takardar Turanci wani yaro ya karanta mini, na sha komawa ɗaki in yi shiru. Na yi noma, na yi ɗinkin hula a zauren nan, ban saba da tafiya ba don Iya ba ta son in yi nisa, har zaman ya zame mini jiki. Ita kuwa ta ƙara shekara goma sha tara, ta ga aurena, ta goya Musa. Ranar da za ta cika ta kwance ƙullin nan, ta sa mini ƙwayar tsamiya a hannu ta ce, "Maigida, saura ɗaya. Kada ka yi sakaci."

Baƙon da kuka gani Lawal ne. Ta'aziyya ta kawo shi Kusada, ya ji an ambaci Abarshi mai hula, ya tambayo gidan. Ya yi sallama, ya tsaya ya cika ƙofa, har yanzu dogo ne sai dai ya ranƙwafa. Bai ko zauna ba ya ce, "Uwata ta gaya mini abin da ya kawo ku, bayan shekara biyu. Har ta rasu tana cewa na bar ɗan mutane a datse. Kwanta."

Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin allurai, na fito da ƙwayar na damƙe ta. Na kwanta. Sai da ya gwada sau biyu, ƙafar ba ta ɗaguwa, yana dogara sanda yana cewa kai Guntu, ashe ka yi faɗi. A na uku ya wuce. Daidai nan kuka shigo, kwanon Hajara ya faɗi.

Kun ce kun ji ina magana fuskata a ƙasa, kuka ɗauka salati nake yi don azaba. Ba salati ba ne. Tafina na buɗe na saki ƙwayar, na ce, "Amarya, sha ɗaya."